Tsarabar da Na Raba da Sunan Wani Tsoho a Ƙasar Ailan

Tun da na dawo daga ƙasar Turawa ban sha fura cikin natsuwa ba. In na zauna rumfar mahauta a ce, "Malam Labbo, wai gaskiya ne can rana ba ta faɗuwa?" In na fito masallaci a ja mani hannun riga a ce wai da gaske na ci tuwo da Sarauniya. Na ba da labarin nan har muƙamuƙi ya gaji, kuma duk wanda ya karɓa sai ya ƙara mashi gishiri. Shekaranjiya wani mutumin Jabo da bai san ni ba ya zaunar da ni ya ba ni labarin kaina, wai na musuluntar da gari guda na Nasara da goro ƙwarya ɗaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta a aji ukku na elementare. Wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wurin malamin da ya koya mani, yana nan kwance gabas da Dogon Daji, ba ya musu da kowa.

Tun da fari ku sani, kowane labari da wawansa. Na wanga labari kuwa ni ne, da gemuna fari fat.

Aikina duba fata ne a En'e, wato hukumar gargajiya. Ni ke bin mahauta daga Tambuwal har Kebbe ina hana su huda fatar jar akuya da wuƙa, ina koya masu shanya a inuwa maimakon a ƙasa. Shugabana Baturen dabbobi ne wanda Fulani sunka raɗa ma suna Mai Allura, don shi ya bi rugage yana yi ma shanu rigakafin ciwon bushiya. Dogo ne kamar giginya, Hausar bakinsa kuwa ta fi ta wasu Kanawa da na sani. Da gwamnati ta ce a kai malaman fata fuɗu Ingila su ga abin da ake yi da fatunmu, shi ya sa sunana, kuma da yake hutunsa ya zo, shi anka ba jagorancinmu.

Mota ta ɗauke mu farkon damina. Ba mu kai Sakkwato ba sai da munka tura ta sau ukku cikin laka, ni da babbar rigar da na ɗinka don ganin Turawa. A Gusau munka shiga jirgin ƙasa, a Ikko na ga teku. Jama'a, wanda iyakarsa Gulbin Zamfara kada ya ce ya san ruwa. Kwana ukku na farko a jirgin ruwa, abin da na ci tun Gusau duk na mayar ma kifaye, na nemi gafarar zunubban da na yi har da waɗanda nika da niyyar yi. Da na warware sai rigimar alƙibla: in ta da kabbara ina fuskantar gabas, kafin in yi sallama jirgi ya juya ni wani wuri. Wani matuƙi ɗan Saliyo ya tausaya mani, kullum sai ya zo da ɗan agogonsa mai nuna gabas ya tsaya kusa da ni yana juya ni kamar mai gasa tsire.

Ingila ba zan daɗe kanta ba, hayaƙi ne da bulo. Mun ga majemarsu, gida ɗaya ya fi kasuwar Tambuwal faɗi. Na ga akuyar da ta sha ci mani dawa ta zama safar hannun matan attajirai da bangon littafi. Na yafe mata.

Da munka gama, saura kwana goma jirginmu ya tashi, sai Mai Allura ya ce, "Labbo, sau nawa ka ba ni masauki gidanka? Taho ka ga namu." Ashe shi ba mutumin Ingila ba ne. Ƙasarsu Ailan, wani tsibiri ne can yamma, sai an sake hawa ruwa.

A cikin ƙaramin jirgin ya warware mani yadda take. Ƙasa ɗaya ce anka tsaga biyu. Babban yanki na kudu ya fita daga hannun Ingila, ƙaramin yanki na arewa, inda gidansu yake, ya zauna. Duk Nasara ne masu bin Annabi Isa, amma ƙungiya biyu: Katolika, masu bin babban limaminsu na Rum, da Furotesta, waɗanda kakanninsu sunka ce ba su bin sa. Yawancin Katolika suna son a ɗinke ƙasar ta koma ɗaya, Furotesta sun ce ko da gawarsu.

Na ce, "Wanga faɗa tun yaushe?"

Ya ce, "An fi shekara ɗari ukku."

Na ce, "Waɗanda sunka fara shi suna nan?"

Ya ce, "Suna nan mana. Kowane gida akwai ɗaya rataye a bango."

Ya faɗa mani wannan duka, amma ya ɓoye mani abu ɗaya, shi ne mafi girma. Ni zan faɗa muku yanzu don kada ku shiga duhun da na shiga. Yana da ƙanwa, Rutu, ita kaɗai ce ɗiya mace a gidan. Ta auri Bakatolike a ƙetaren iyaka, tun ranar kuwa ubansu ya rantse ba ta ƙara taka ƙofar gidansa ba. Shekara goma sha ɗaya ba ta ji muryarsa ba, ga shi ya tsufa, likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya. Uwarsu tana kuka a ɓoye. Bature kuwa ko hanjinsa na ƙonewa sai dai ya yi maka zancen ruwan sama.

Mun sauka Balfas, birnin arewa, daidai lokacin da Furotesta ke shirin bikinsu na shekara, wanda suke zagaya gari da tutoci da wasu manyan ganguna, kowanne ya yi tambari biyu. Unguwar da anka yi ma ado tasu ce, wadda ta yi tsit ta rufe taga ta waɗancan ce. Ni na duba na duba ban ga bambanci ba. Ba tsaga, ba aska, jar fuska iri ɗaya. Mai Allura ya ce su da jin sunanka da makarantar da ka yi sun san ko kai wane ne.

Ƙauyensu yana dab da iyaka. Hanya ɗaya ce, gidajen Furotesta a tudu, na Katolika a gangare. Ubansa, Tsoho Wili, manomi ne mai shanu, gajere kakkaura, girarsa kamar gashin buzun salla. Uwargida kuwa 'yar siririya ce mai saurin hannu. Sunka ba ni ɗaki a bene. Na ɗaga bargo na tarar da tulun dutse cike da ruwan ɗumi a tsakiyar gado. Na ce Allahu akbar, dubi ladabi, har ruwan alwala sun tanadar mani. Kwana ukku ina alwala da shi kafin in ji ashe na ɗumama ƙafa ne. Lokacin zafinsu ke nan, ni kuwa riga ukku nika sawa.

Abinci dankali ne. Da safe dankali soyayye, da rana dankali dafaffe, da yamma a daka shi a kawo maka kamar sakwarar da ta yi rashin lafiya. Uwargida ta ware mani tukunya sabuwa saboda naman alade, ta riƙa ba ni ƙwai da kifi da madara. Madararsu dai, in faɗi gaskiya ko Fulanin Kebbe za su ji haushi, ba ta da ruwa a ciki.

Ranar farko na fito da tasbahata ina ja a bakin murhu. Tsoho ya dubi hannuna, ya ajiye cokali, ya yi ma ɗansa wata magana a taƙaice. Na ce mi ya faɗi? Mai Allura ya ce, "Wai na tafi Afirka na rasa abin da zan kawo mashi sai Bakatolike." Ashe su ma suna jan carbi. Da anka gaya mashi ba ni shan giya, ba ni ajiye gunki, ba ni da wani limami a Rum, sai ya sake ɗaukar cokali ya ce ashe rabina mutumin kirki ne.

To, ga inda wautar ta faro. Na zo da tsaraba ta mutunci: matasan kai na jar fata guda shida, takalma, 'yan jakunkuna masu tuntu, da dabino. Na zube gaban Tsoho. Ya yi godiya, ya kwashe ya kai wani ɗaki da suke ƙawatawa ba mai zama ciki, ya rufe. Na jira. Ku kun sani, a wurinmu baƙo ya kawo tsaraba, maigida ne ke kasa ta a aika gida-gida a ce, "Ga tsarabar baƙonmu," har gidan wanda ba ku shiri, don unguwa ta san an yi baƙo na kirki. Kwana ɗaya, biyu, ukku, ko ƙwayar dabino ba ta fita ba. Kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce tsufa ne ya sa shi mantuwa, ko kuwa ba shi da ɗan aike. Mutum ya ba ka gado da ruwan alwala, ba ka rufa mashi asiri ba?

Ran Alhamis da hantsi, maza sun tafi yankan ciyawa, Uwargida tana wajen kaji, na shiga na kasa kayan. Na bar ma gida kashi mafi tsoka, na naɗe sauran a mayafi na bi hanya. Turancina duka bai fi kalma ashirin ba, amma biyu sun ishe ni: "Furom Wili." Wato daga Wili. Na gama tudu na gangara. A tudu sun karɓa da murmushi. A gangare kuwa duk wadda na miƙa ma sai ta sake tambaya, "Wili?" In ce, "Wili." Sai ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, irin addu'arsu in sun ji abin al'ajabi. Wani gida babba kusa da majami'arsu na ga mai baƙar riga, na ce wanga da gani limami ne, na zaɓa mashi takalman da sunka fi kyau.

Da azahar Mai Allura ya aro mota ya ce ma ubansa za mu kasuwar shanu a kudu. Da munka hau hanya ya ce za mu biya gidan ƙanwarsa. Na ce madalla, don na riga na ware ma ɗiyar gida kashinta, matashin da ya fi kowanne ado, yana cikin rigata.

Iyakar da ake ta mutuwa a kanta wani ɗan rafi ne da ɗan akuya zai tsallake. Bukka a nan, bukka a can, kowace da ma'aikacinta. Na wannan gefe ya bincike mu yana neman taba, na wancan gefe ya bincike mu yana neman man shanu, kuma Mai Allura ya ce 'yan maza zar suke, ɗan wa da ɗan ƙane. Shanu kuwa suna shiga rafin suna fita ba mai tambayarsu takarda. Na tuna iyakar Kwanni, inda Faransa da Ingila sunka raba wani kawuna da rijiyarsa. Na ce ashe ba mu kaɗai sunka yi ma ba, a gida sunka koyo.

Rutu kamarsu ɗaya da wanta, har tsawon. Tana da ɗiya mata biyu. Mijinta Maikil, mai fara'a, ya ja Mai Allura waje ya duba mashi wata saniya mai ɗingishi. Na ga dama ta samu. Na zaro matashin, na miƙa mata da hannu biyu, na ce, "Furom Wili."

Ba ta karɓa nan da nan ba. Ta ce, "Wili?" Na nuna arewa, na kama girata na ja don ta gane wane Wili. Sai ta rungume matashin ta zauna nan ƙasa tana kuka tana dariya. Ni kuwa na ce a raina, aikin dukawan Sakkwato ke nan, ko Baturiya sai ta zub da hawaye.

A hanyar komawa Mai Allura ya ce, "Abin mamaki. Rutu ta ce za ta zo gida ran Asabar, wai Baba ya aiko. Ban san mi ya shiga kanta ba."

Na gyara hula na ba shi labari, ina jiran yabo.

Ya tsayar da mota tsakiyar hanya. Ya kifa kai a sitiyari. "Labbo, ka kashe ni."

"Mi na yi?"

"Har gangare ka kai?"

"Har limaminsu."

Nan ya faɗa mani abin da na riga na faɗa muku. Na ce mu juya mu gaya mata gaskiya. Ya ce, "Kai ka ga fuskarta. Je ka faɗa mata."

Ran Juma'a tukuici ya fara zuwa. Wata tsohuwa daga gangare ta hawo da burodi a ƙyalle ta ajiye bakin ƙofa. Wani da rabonsa da gaida Tsoho tun wata rigimar kan gona ya ɗaga mashi hula. Sai ga limamin Katolika a kan keke, yana kaɗa ƙararrawa, yana nuna ƙafarsa da takalman Sakkwato, yana kwarara godiya. Tsoho ya dubi sama, ya dubi matarsa, ya je ya buɗe ɗakin ado. Da munka zauna a teburi ya tura mani dankali kamar mai tura ma kare.

Asabar da hantsi yana zaune a ƙofar gida yana goge baƙar hularsa ta biki, ya rataya wani ƙyalle mai launin lemo a kafaɗa yana gwadawa, sai ga Rutu a bakin shinge, da ɗiyanta biyu, da Maikil a baya, da matashin a hammata. Mutanen tudu sun leƙo, mutanen gangare sun hawo rabin hanya sun tsaya.

Tsoho ya miƙe. Ya dafe ƙirji.

Na ga in ban yi wani abu ba zuciyar nan za ta tsaya a kaina. Na tuɓe takalma, na zube gabansa kamar gaban alƙali, na ce Mai Allura ya fassara. Na ce, "Baba, ni na ɗauka, ni na raba, ni na yi ƙarya da sunanka. Yarinyar ga ba ta da laifi. In duka ne ga baya." Da na ji bakina ya buɗe sai na ƙara da wa'azi: Annabinku ɗaya, littafinku ɗaya, dankalinku ɗaya. Daga baya Mai Allura ya ce wa'azin bai fassara shi ba, don yana son in koma Tambuwal da raina.

Tsoho ya buɗe baki zai ce ba shi ya aika ba. Uwargida ta riga shi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan. Abin da ta ce, yadda anka fassara mani, shi ne: "Wili, abin da ya fita gidan nan da sunanka, kai ka aika. Ko ka ce ma gari duka baƙon ɗanka ɓarawo ne, ka bi gida-gida ka karɓo, ka fara da takalman da ke ƙafar limami. Ko kuwa ka matsa, shayi na hucewa."

Tsoho ya ajiye hular. Sannan ya ce ya rantse ba ta shiga ta ƙofar nan, kuma shi ba ya karya rantsuwa. Ya juya ya shige. Uwargida ta kama hannun Rutu ta zagaya da ita ta ƙofar madafa, wadda ba a yi rantsuwa a kanta ba.

Kada in yi muku ƙarya irin ta mutumin Jabo. Bai yi mata magana ba ran nan. Amma na leƙa ta taga na ga ya yanka burodin da anka kawo daga gangare, ya shafa man shanu da kauri, ya miƙa ma ƙaramar jikar, ita kuma ta ɗauki hularsa ta biki ta kifa a kai, bai hana ba. Maikil dai ba a ce ya shigo ba. Ni da shi munka zauna kan katangar dutse anka miƙo mana shayi, ɓarawo da suruki.

Kafin mu taso na bi su ɗaya-ɗaya da tambayar da kuke yi mani, ko ƙasar za ta ɗinke. Maikil ya ce da ransa zai gani. Tsoho ya ce sai dai a bisa kabarinsa, kuma ko a can zai yi tari. Mai Allura ya ce sai ranar da yaran tudu da na gangare sunka zauna aji ɗaya, shi kuwa bai ga alama ba. Uwargida ta ce ita ƙasa ba ta sani ba, teburinta dai ya cika.

Na dawo gida kaina ya fi rawanina girma. Bayan na huta na ɗauki tsaraba na nufi Kebbe, garin haihuwata, wurin yayata Kulu, wadda ta goye ni. Na shimfiɗa kaya a tsakar gida ina kasawa: bargo nata, agogo na mijinta, sabulu na maƙwabta. Ina kasawa ina ba su labari, ina dariyar mutanen da ke da Annabi ɗaya amma uba ya yi shekara goma sha ɗaya bai gaida ɗiyarsa ba.

Kulu tana tsinke yakuwa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina kashin Sambo?"

Sambo ƙanenmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ce tsakaninsa da ita. Shekara biyar da sunka wuce ya tafi fatauci Gusau ya dawo da sabon wuridi, yana ɗora hannu a ƙirji in yana salla, alhali mu tun kakanni sakin hannu muke yi. Tun ranar ban bi shi salla ba, ban taka zaurensa ba, ko sunan ɗansa ban je ba.

Na gyara zama na ce, "Yaya, wanga daban ne. Su nasu taurin kai ne. Wagga kuwa magana ce ta gaskiya da ɓata, ba a wasa da ita."

Ta kakkaɓe zane ta ce, "Awo. To naɗe kayanka, Labbo. Sai mu jira Allah ya kawo muna wani wawa daga Ailan ya kai mashi da sunanka."